Kuben da Baba Ya Ɗinka wa Kwamfuta

Ranar da na fara kai ta Tibiri, cikin ledar burodi na saka ta na jefa a jaka. Kwamfuta ce sukutum, amma ba ta wuce tafin hannuna ba: faifai guda kore, da ƴan ƙarafa a bisa, da ramukan soka waya a gefe. Ba gilashi, ba akwati, ba komai. A wurin aikinmu, wani ƙaramin furoje na tallafa wa makarantu mai biro, wato ofis, a unguwar Zariya nan Maraɗi, an ɗora mini in zuba mata darussa da littattafai da bidiyo, a kai ta wata lakwal, makarantar boko, a Jiratawa inda ba intanet, malamai da ɗalibai su riƙa jawo karatu daga cikinta da wayoyi. Kafin a kai ta sai na tabbatar za ta ɗauki aji guda a lokaci guda ba ta durƙushe ba. In ta iya, za a sayo ƴan uwanta a raba wa wasu makarantu.

Auna ta ba wani abin wuya ba ne. Ana ba ƙwaƙwalwarta aiki mai nauyi wanda ba ya canzawa, misali ta tsamo duk lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu har zuwa wata iyaka mai nisa, a sa kawunanta huɗu su kama gaba ɗaya, a duba agogo. A gefe kuma ina kallon abu biyu, zafin jikinta da saurin bugunta. Waɗanda suka ƙera ta sun sa mata wata dabara: in zafi ya yi mata yawa, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ba ta kuka, ba ta faɗa maka, sai dai ka ga aiki yana ja. A biro, cikin sanyin na'ura, na gwada ta har na gaji, kullum tana gamawa da wuri. Daɗi ya kama ni, shi ya sa na ɗauke ta in je in nuna wa mutanen gida abin da nake yi, tunda har gobe Inna cewa take aikina danne-danne.

Babana baduku ne. Kube, gafaka, laya, takalmi, zabira, ba abin da hannunsa bai ɗinka ba, kuma a Tibiri in ka ga wuƙar da ta zauna daram cikin gidanta, ba sai ka tambaya ba. Kayan roba suka fara cinye masa kasuwa, sannan yanar ido ta rufe masa ɗaya ta kama na biyu. Wata rana ya tattara basilla da wuƙaƙe da madoshi ya zuba a burgami, jakarsa ta fata, ya sa aka rataye masa can sama a zaure. Tun daga nan ya yi shiru. Mutumin da in ya fara faɗa har maƙwabta sai sun leƙo, ya koma ko ƙuda ba ya kora. Inna ta ce yadda ta kai tuwo haka take ɗaukowa, sai ɗan gefen da ya gutsura don kada a yi magana.

Na tarar da shi a zauren, jingine da bango. Na gaishe shi, na zaro abin daga leda na ɗora masa a hannu.

"Mi ne ne wanga, Uwata?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, bai taɓa kirana da wani suna ba.

"Kwamfuta ce, Baba. Littattafan lakwal guda suna cikinta."

Ya jujjuya ta, yana bin gefenta da babban yatsa, yana tsayawa a kowane rami. Ya daɗe. Can ya ɗago fuska.

"Ina rigarta?"

"Haka take zuwa."

"Tsirara? Abin da ke ɗauke da karatu, ki sako shi cikin leda kamar ƙosai? Haba Uwata. Wuƙar yankan albasa ma gida gare ta."

Dariya na yi, don rabon da in ji ya yi wa wani faɗa har na manta. Ya ce in miƙo masa tsinken tsintsiya. Ya auna tsawo ya karya, ya auna faɗi ya karya, ya auna kauri, ya bi ramukan yana sa alama da farce a jikin wani tsinken. Ya zuba su a aljihu, ni kuwa ban ɗauki abin da girma ba.

Mako bai cika ba Inna ta kira ni, murya na rawa. Na ce shi ke nan, wani abu ya sami Baba.

"Babanki ya sa an sauko da burgami!"

Ya aika wajen majema an kawo masa fatar jar akuya, ya mayar da ta farko ya ce ta cika tabo. Ya zagi wuƙarsa don ta dakushe. Ya yi wa Inna faɗa a kan gishirin miya, ya cinye tuwon ya nemi ƙari. Inna tana ba ni labari tana dariya tana hamdala, wai ita kam ya yi ta faɗan, ta yafe.

Da na je karɓa, wallahi sai da na yi hawaye. Jar fata ce ninki biyu, da shafi mai laushi a ciki, da zanen baƙin kuloko a fuska, da marufi mai maɓallin ƙulli. Duk da cewa da lalube ya yi ta, amma kowane rami ya faɗa daidai bakin inda ake soka waya. Na zura kwamfutar ta shige ta zauna, ko motsi ba ta yi. Baba ya karɓa ya girgiza kusa da kunnensa, ya ji shiru, ya miƙo mini.

"To, yanzu ta zama ɗiyar mutane. Ki tahi da ita."

Shef ɗinmu, shugabanmu a wurin aiki, Bazabarme ne, ni kuwa Bagobira, kun san abokan wasa ne, ba a rabuwa lafiya. Yana ganin abin a tebur ya kama baki.

"Kai, Gobirawa! Har kwamfuta sai kun yi mata laya? Maganin me ke ciki, ƙarfe ko bindiga?"

Na ce maganin bakin Zabarmawa ne, kuma ga shi bai ci ba. Ya yi dariya ya ɗauki hoto, ya ce in an sayo sauran duk a yi musu irinta, makarantu za su fi kula da su. Ni da bakina na kai wa Baba wannan albishir ta waya a ranar.

Bazara ta kankama lokacin da na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Jiratawa don in gwada ta a inda za ta zauna. Ajin rufin kwano ne, da rana kamar an kife ka da tukunya. An kafa fano, farantin wutar rana, a bisa, batir yana kusurwa. Na jona ta, na bar ta ta ɗan yi aiki, na sakar mata gwajin nan da ta saba cinyewa. Da farko ta tashi da gudu. Sai na ga lambar zafi tana hawa, tana hawa, ta haye digiri tamanin. Lambar gudu ta yanke ta faɗo. Na zauna ina kallon agogo, gumi na bin bayana, aikin da take gamawa kafin in shanye kofin ruwa ya kusa ninka lokacinsa.

A take na san dalili. Wanda ya karanta abin da na karanta ba ya buƙatar a gaya masa cewa abu mai zafi ba a naɗe shi da fata ninki biyu. Amma na ce a'a, batir ne. Na tattara na koma Maraɗi ina zagin batir a zuciya har gida.

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. Na gwada ta a gida, a Sabon Gari, da wutar gari: ta ja. Na ce to, abin cajin ne, jabu aka sayar mini. Na je shagon mutumin da ya sayar mini na tsaya a kansa, na ce ya ji tsoron Allah, ya riƙa gaya wa mutane gaskiyar kayansa. Bawan Allah ya rantse, ya sake rantsewa, ya ɗauko wani daga cikin kwali ya ba ni don in tafi in bar masa shago. Na jona sabon: ta ja. Na ce katin ajiya ne, na sake wani, na kwana biyu ina zuba komai daga farko: ta ja. Na gwada da sanyin safiya bayan na sallami yarana sun tafi lakwal, ta ɗan yi dama, na yi tsalle, hantsi na dagawa ta koma gidan jiya. Na ajiye ta gindin randa. Na ajiye ta gaban fanka. Na tsaya a kanta da mafici ina fifita kamar mai jinya. Ina girki ina leƙowa, ina salla hankalina na kan lamba, Allah Ya yafe mini. Abinci ya ƙone mini har sau nawa ban sani ba.

Maigidana mutum ne mai sanyi, malamin lissafi, irin waɗanda ke kallonka kana shirme su yi shiru har sai ka gaji. Wata rana da yamma yana shan shayi ya ce:

"Ki cire mata rigar mana ki gani."

"Wa ya tambaye ka? Kai ka karanta kwamfuta ko ni?"

"Ke."

"To!"

Ya ci gaba da shan shayinsa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan da shi, ba ya ma tsayawa a yi faɗan. Na shiga ɗaki na turo ƙofa, na ɓalle maɓallin, na zaro ta. Sai da na sake ta a kan katifa, don ƙarfen ya ƙona mini yatsa. Na bar ta ta huce, na sakar mata gwajin tsirara. Ta cinye shi kamar ba zafi a garin. Na mayar da ita cikin kube, ta ja. Na cire, ta ruga. Na mayar, ta ja. Na yi ta yi kamar wadda aka yi wa asiri, ina jiran sau ɗaya tak lambar ta yi kuskure ta goyi bayana. Ba ta yi ba.

Ana cikin haka Inna ta sake kira da sabon labari. Baba ya sa an kawo ƙarin fatu, ya fara yanka tun ba a sayo sauran kwamfutocin ba, wai kada aiki ya zo ya tarar da shi zaune. Ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa, yana tsayawa hira a ƙofa. Yana gaya wa tsofaffin abokansa cewa aikin lakwal ya biyo shi har zaure, masu ilimin zamani sun yi sun yi sun ga ba su iya yi sai da baduku. Wani da ya koyi sana'a a hannunsa shekarun baya ya zo gaisuwa, Baba ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake fitar da rami a fata ba ta yage ba. Inna ta ce, "Ɗiyata, Allah Shi yi maki albarka, kin tashe shi." Na ce amin, na kashe waya, na zauna bakin gado.

Na nemi hanyar tsakiya. Na je Tibiri na ce masa kwamfutar tana son ɗan iska.

"Iska? Rai gare ta?"

"Kusan haka, Baba. In tana aiki tana ɗumi."

Ya yi gunaguni, ya ce shi bai taɓa huda aikinsa da gangan ba, amma ya ɗauki madoshi. Ya fitar da ƙananan huji a fuska da baya, ya jera su suka zama ado, har ta fi da kyau. Ni kuma na manna wa ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke janye zafi. Na koma Jiratawa da ƙarfina. Wannan karon na roƙi malamai su taru da wayoyinsu bayan an tashi, kowa ya buɗe darasin bidiyo lokaci guda, yadda za a yi in yara sun cika ajin. Ta ɗauke su da farko. Can sai hoton ya fara tsayawa a wayar wannan, ya tsaya a ta wancan, malamin da ke cikin bidiyon ya buɗe baki ya kasa rufewa. Wata malama ta ce, "Madam, ko dai a jira damina?" Suka yi dariya, ba da mugunta ba. Na ce su dakata. Na juya musu baya na zare kuben na cusa a jaka, na bar ta ta sha iska, muka sake. Ba wayar da ta tsaya.

A hanyar dawowa ban ga komai ba, ko lambunan da nake son kallo. Ɗan kabu-kabu yana ta ba ni labarin tsadar mai, ni kuwa ina lissafin ƙarya. Ko in sa fanka ƙarama a ciki? Ba wuri, kuma iskar zafi za ta yi ta juyawa. Ko a faɗaɗa kuben? In ya faɗaɗa ya zama jaka, Baba ba zai yarda ya ɗinka abin da ke kwaram-kwaram ba. Ko a yanke fuskar gaba ɗaya a bar gefe? Wannan kuma tsirara ce da ɗamara.

Washegari shef ya kira ni. Ranar ba Bagobira, ba Bazabarme.

"Na ga sakamakonki, duka biyun. Litinin za a kai ta. Da riga ko ba riga, ke kika sani, amma yara ba za su zauna suna kallon hoto a tsaye ba."

Na ce na ji. Sai ya ce, "Na san tsohon ne. Ki yi haƙuri." Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Maigidana ya kawo tasa dabarar. Ya ce in karɓi duk abin da Baba ya ɗinka in yi godiya, in zuba a akwati. In zan je Tibiri in sa mata riga, in zan je Jiratawa in tuɓe. Wa zai gaya masa? Ba zan ɓoye ba, na auna maganar, na kwana da ita na tashi da ita. Amma tun da idon Baba ya tafi kowa ke lallaɓa shi. A ce masa miya ta ƙare alhali an ɓoye don likita ya hana, a ce masa wane yana gaishe shi alhali wane ya rasu. Ya sani, kuma ba abin da ke ƙona masa rai kamar wannan. Yanzu ni, Uwarsa, in zaunar da shi ya ƙarasa ɗan ganin da ya rage masa a kan fatun da za su ruɓe a akwati? Kuma tsakanin Tibiri da Jiratawa wane sirri ne ke kwana? Ranar da wani zai ce masa ya ga abin a lakwal ba riga, a gaban abokansa na masallaci, ina zan sa kaina? Na ce wa maigidana ba zan iya ba. Ya ce to ki gaya masa. Na ce shi ma ba zan iya ba. Ya ce, "To ki auna a gabansa, tunda aunawa kika iya."

Asabar bayan la'asar na isa. Zauren yana warin sabuwar fata, ga yankakku nan an jera a tabarma, an danne da dutse. Baba yana zaune tsakiyarsu da basilla a hannu, hularsa ta koma ƙeya. Yana jin sallamata ya ce in zo in taɓa wata fatar in ji laushi.

Na taɓa, na yaba. Sannan na ce, "Baba, gwaji na zo mu yi, ni da kai."

Na gaya masa yadda abin yake: zan ba ta aiki iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya cikin kube, sau ɗaya ba kube, in ta gama wayata za ta yi ƙara. Ya ce shi ba ya ganin agogo. Kafin in ce zan karanta masa, ya laluba aljihu ya zaro carbinsa.

"Ba sai kin karanta mani ba. Ki ce bisimilla in fara ja."

Na jona ta da batirin da na zo da shi, na bar ta ta ɗumama cikin kuben kamar yadda za ta yi a aji, na ce bisimilla. Ya fara istigfari yana ja, a hankali, yadda yake yi bayan kowace salla, ba ya sauri ba ya lafawa. Inna ta leƙo ta ga fuskata, ta koma. Ya zagaye carbin, ya sake kamawa. Ya kusa ƙarasa zagaye na biyu wayar ta yi ƙara. Ya riƙe wurin da farce.

Na zare ta, na bari ta huce, na bar ta ta ɗan yi aiki a fili, na ce bisimilla. Ya zagaye sau ɗaya, ya ɗan taɓa na biyu, wayar ta yi ƙara.

Ya murza ƙwayar da ya tsaya a kai.

"Sake."

Muka sake. Haka.

"Ko wutar ce ba ta isa?"

"Na canza, Baba."

"Ko zauren ne ya cika zahi? Mu koma gindin bedi."

Muka kwashi kaya muka koma gindin bishiyar a tsakar gida. Ya sa Inna ta miƙo mafici, hannu ɗaya yana jan carbi, ɗaya yana yi wa kuben fifita. Na kalle shi, dariya da kuka suka taso mini lokaci guda, don duk abin da na yi makonnin nan ga shi yana yi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wataƙila ya yi saurin ja a na biyun, a sake. Muka sake. Ya ce a buɗe marufin kawai a bar sauran. Muka buɗe. Carbin bai canza magana ba.

A na ƙarshe bai jira ƙarar ba. Ya ajiye carbin, ya ɗauki kuben, ya ɓalle, ya zaro ta da kansa. Na ce, "Baba, da zafi!" Bai saurare ni ba. Ya ɗora ƙarfen a bayan hannunsa, ya kai kusa da kumatu, ya riƙe.

"Zazzaɓi gare ta," ya ce. "Ni na shaƙe ta."

"Ba aikinka ba ne, Baba. Aikinka ba shi da aibu. Ita ce ba ta son..."

"Na ji, Uwata. Da hannuna na ƙirga."

Ya miƙo mini ita. Kuben kuwa ya shafa shi, ya rufe maɓallin, ya ajiye a cinya. Ya ɗaga murya ya kira Inna, alhali tana tsaye kusa da shi, ya ce ta aika wa majemi kada ya kawo sauran, kuma a tattara na zaure a naɗe kada rana ta ci su. Inna ta dube ni. Ba ta yi mini faɗa ba, ta juya ta nufi zaure. Ina jin ƙarar duwatsun da take ɗagawa daga kan fatun.

Na zauna ina naɗe wayoyi, ina warwarewa, ina sake naɗewa, na rasa ta inda zan tashi. Haushi nake ji, na kwamfutar, na bazara, na waɗanda suka ƙera abin a ƙasar sanyi, na kaina da na iya aunawa. Na so in ce masa wani abu, duk abin da na ɗauko sai in ji lallaɓawa ce, in mayar. Da rana ta yi sanyi na ce zan koma kafin magariba. Ya ce Allah Shi kiyaye hanya, in gaida yara.

Na kai bakin zaure ya kira ni.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Cikin kayan aikinki, ba wani abin da ke son riga? Ko ƙarami ne."

Na dawo na durƙusa na zazzage jakar a gabansa. Wayoyi, makullai, alƙalami, kuɗin kabu-kabu. Na ci karo da ƴar na'urar da nake auna ƙarfin wuta da ita, mai igiya ja da baƙa. Na ɗora masa a hannu, na ce wannan kullum faɗuwa take, duk ta kakkarce, ta daɗe tana son gida.

Ya bi gefenta da babban yatsa. Ya kai hannu aljihu kamar zai nemi tsinke, sai ya tsaya.

"Wagga ba ta zazzaɓi?"

"Ba ta yi, Baba. Ko kaɗan."

Ya riƙe ta jim, sannan ya miƙo mini.

"Ki tahi da ita ki auna tukuna. In kin ga ba ni cutar da ita, ki kawo in ɗinka."